Cindon 'Yata da Ƙwan Daktora

Duk Omdurman, kai ko an haɗa da Bahri da Khartum, ba a taɓa yin mutumin da ya san kaza kamar ni ba. In zakara ya yi cara a bayan katanga, ba sai na leƙa ba, zan gaya maka launin gashinsa, da abin da ya ci da safe, da ko matansa suna jin daɗin zama da shi. Kajin da na yanka a kasuwar Omdurman, in aka jera su baki da wutsiya, za su kai Kano su gaida dangi su dawo ban gama wasa wuƙa ba. Haka nake faɗa a rumfata kullum, masu shan shayi suna ƙyaƙyatawa, ni kuwa ina rantsuwa da rawanina.

Sai aka haifa mini 'ya mai yatsu shida a kowane hannu, na wayi gari ko fiffiken kaza ban sani ba.

A farkon mulkin soja ne, lokacin da sukari sai da kati, burodi kuma sai ka bi layi tun asuba kana addu'a kada ya ƙare a kan na gabanka. Nama ya gagari mutane. Wanda a da yake sayen kaza ɗungurungum ya koma sayen wuya da kai, yana cewa wai na kyanwa ne. Ni ma abin da ya kwanta nake kaiwa gida, mafi yawa ƙafafu. Da cikin matata ya fito sosai, sai Allah ya ɗora mata son ƙafafun nan. Ta dafa su da lemon tsami da barkono, ta zauna a bakin angareb, wato gadon igiya, tana tsotsa tana lumshe ido. Ni kuwa daɗi nake ji, don ba kowane magidanci ne a unguwar yake iya biyan kwaɗayin matarsa ba.

Ranar haihuwar ina tsakar gida ina jiran guɗa. Na ji kukan jariri, amma guɗa shiru. Sai muryar matar yayana, wadda muke gida ɗaya tun da mijinta ya tafi aiki Libiya.

"Innalillahi! Ƙafar kaza! Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?"

Na faɗa ɗakin ko sallama babu. Ungozoma ta miƙo mini yarinyar ba ta dubi idona ba. Fuska lafiya, ƙafafu lafiya. Na buɗe hannun dama, sai ga wani ɗan yatsa yana reto a gefen ƙaramin yatsanta, har da ɗan farcensa kamar ƙwayar riɗi. Na buɗe na hagu, ga ɗan'uwansa. Na ƙirga daga babba zuwa ƙarami, na sake ƙirgawa daga ƙarami zuwa babba ko lissafin zai canza. Na jingina da bango, ni da jini bai taɓa ɗaga mini hankali ba. Tsofaffinmu cindo suke kiransa. Na sha jin kalmar, amma ban taɓa riƙe ta a tafin hannuna tana numfashi ba.

"Mace mai ciki tana cin yatsun kaza safe da yamma," in ji matar yayana, "ina kuke so su tafi? Ai ga su nan sun fito."

Tsakanina da ita wasa ne, matata nake kiranta. Na ce, "Haba matata, da haka ne ai da kin haifi tukunyar ful tun bara, irin cin wakenki." Ba wanda ya yi dariya. Mai jegon tana kwance ta juya fuska bango, kuma ta ji komai.

Daga ranar ta rufe bakinta. A kawo madida mai zafi, irin kunun hulba da ake dama wa masu jego, ta ce ta ƙoshi. A kawo romo, ta ce ɗaci yake mata. Ta yage tsohon mayafi ta naɗe hannayen yarinyar kamar mai shirin dambe, in 'yan barka suka tambaya ta ce don kada ta yaƙushi fuska. Nono ya fara ja baya, yarinya tana ta tsala kuka. Na gwada duk abin da na iya. Na ce mata wannan 'yar in ta girma za ta fige kaza biyu kafin ni in fige ɗaya. Na ce masu ƙunshi ne za su sha wahala ranar aurenta. Matar da ko tari na yi sai ta yi dariya, yau sai ta dube ni da busassun idanu.

"Malam, ka daina. Ni na yi mata. Kwaɗayina ne ke reto a hannunta, kuma da shi za ta yi yawo a duniya kowa yana gani. Ban son taron suna. Ka yanka rago a raɗa mata, shi ke nan."

Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina ban tabbata matar yayana ƙarya take yi ba.

Ina da wata mai sayen ƙwai da nake kira Daktora. Balarabiya ce 'yar Bahri, tana koyarwa a makarantar likitocin dabbobi, kullum cikin farin tob, wato lafaya irin ta ma'aikata. Ba ta sayen ƙwan gonakin Soba. Sai na kajin gida, waɗanda ta tabbata akwai zakara a kansu. Na ɗauka ƙyanƙyasa take yi ta sayar da 'yan tsaki, don a shekarun nan malamin da bai tafi Saudiyya ba, to yana kiwon wani abu a bayan ɗaki. Ita kuma Hajji take kirana, ko da yake a gidanmu kakana ne kaɗai ya nufi Makka, shi ma a nan ya tsaya ya yi aure.

Ta zo ana saura 'yan kwanaki suna, ta tarar da ni zugum.

"Ya Hajji, wa ya mutu? Tun daga tashar mota nake jiyo muryarka, yau kasuwa kamar maƙabarta."

Na kwashe labari na gaya mata. Ba ta yi salati ba, ba ta kama baki ba. Abu ɗaya ta tambaya: yaushe maiɗakin ta fara cin ƙafafun? Na ce sai da ciki ya turo riga, ya haura wata biyar.

"Ajiye ƙwan nan. Gobe ka kawo mini su da kanka wurin aiki."

Washegari na shiga hafila, ƙaramar motar haya, da kwando a cinya. A bakin gada sojoji suka tsayar da mu, suna sauke samari don hidimar ƙasa. Wani ya zungure kwandona da bakin bindiga ya ce mene ne. Na ce ƙwai ne, ranka ya daɗe, kuma duk ba su kai shekarun hidima ba. Ya harare ni, na haɗiye sauran maganar.

Ɗakin aikinta ba wuta, kamar ko'ina. Akwatin ɗumama ƙwai da fitilar kananzir yake aiki, tana ta lallaɓa shi kamar mai jinya. Ta jawo tebur kusa da taga don haske, ta ciro wani ƙwai wanda aka yanke wa 'yar ƙofa a gefe aka liƙe. Ta ɓare liƙin ta ce in duba.

Na leƙa ina tsammanin gwaiduwa. Sai na ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saiwar ciyawa, a tsakiyarsu wani abu ya lanƙwashe, bai kai farcena ba. A ƙirjin abin nan wani ɗigon jini yana bugawa. Bal, bal, bal.

Na yi baya, na ture kujera, kujera ta ture bokiti. "La'ilaha illallahu! Daktora, yana da rai! Yana kallona!"

"Bai yi idon kallonka ba tukuna. Zo ka zauna."

Ni da na fasa ƙwai a kasko fiye da yawan yashin bakin Nilu, ban taɓa sanin cewa 'yan kwanaki kawai kaza za ta kwanta a kai zuciya ta fara aiki ba. Na sa ido a madubinta mai ƙara girma. Ta ɗauko wata allura da ta fi gashin gira siranta, ta nuna mini wasu ƙuraje huɗu a jikin abin, biyu sama biyu ƙasa.

"Na saman fukafukai ne, na ƙasan ƙafafu. Kai ma da haka ka fara, ya Hajji, da duk faɗin kafaɗun nan naka."

"Ni? A'a. Ni da gemuna na zo."

Ba ta kula ni ba. Ta kai allurar bakin ƙurji ɗaya, inda wani siririn layi ya ɗan tashi kamar kalmasar bakin riga. Ta ce wannan layin shi ke ta cewa naman da ke ƙarƙashinsa ya ci gaba da tsawo. In ta kankare shi da wuri, fiffike zai tsaya dungu a kafaɗa. In ta jinkirta, ya tsaya a gwiwa. Sannan ta matsa gefen baya na ƙurjin, wurin da ni ban ga ya bambanta da sauran ba ko kaɗan. Ta ce a nan akwai wani ɗan guntun nama da ke fitar da wani sinadari, yana bazuwa zuwa gaba yana raguwa. Naman da ya sha da yawa ya zama yatsa iri kaza, wanda ya samu kaɗan ya zama wani iri daban.

Na ce, "Kamar ladanin unguwarmu in an ɗauke wuta. Na kusa ya ji har cikin ƙashi, na nesa ya ji sama-sama."

"Kusan haka."

"Ashe har cikin ƙwai akwai mai ba da oda, kowa ya bi ba tambaya."

Ta waiga ƙofa da sauri. "Rage murya, ya Hajji."

Sai wani abu ya faɗo mini. Na gyara zama, don yanzu an shigo gonata. "Amma Daktora, da girmanki, kin yi kuskure. Wane yatsa a fiffike? Yatsun kaza a ƙafa suke. Ni aka tambaya."

Ta buɗe kabad ta ɗauko 'yar kwalba, ta ɗaga ta a hasken taga. Fiffiken ɗan tsako ne a cikin ruwan magani, naman ya zama garau kamar gilashi, ƙasusuwan an rina su shuɗi. Ga dantse, ga gwiwa, ga wuyan hannu. A ƙarshe kuma yatsu uku, ɗaya gajere, biyu dogaye. Hannu ne sosai, irin wanda za ka miƙa wa gaisuwa. Rabin rayuwata ina datse hannayen bayin Allah ina zuba su a faranti, ban sani ba.

Ban gama farfaɗowa ba ta ɗauko kwalba ta biyu. Na ƙirga. Uku sun fuskanci nan, uku sun fuskanci can, kamar fiffiken ya jingina da madubi. Shida.

"Wannan ni na yi," in ji ta, kamar mai cewa ita ta dafa shayi. "Na ɗebo ɗan guntun nan daga wani ƙwai na dasa a gefen gaba. Ladanai suka zama biyu, ɗaya a kowane gefe, kowanne ya tara nasa sahun."

Na ce, "Da ƙwan wa?"

"Da naka mana. Naka sun fi ƙyanƙyasa."

Na sulale na zauna a ƙasa, cikin ruwan bokitin da na zubar. Yanzu na gane komai. Ba matata ba ce, ni ne. Ni na riƙa tattaro 'ya'yan mutane a kwando ina kawo wa wannan baiwar Allah tana ƙara musu yatsu, alhakinsu ya haye gada ya sauka a ɗakina. Na gaya mata haka, har da hawaye. Na ce kaji sun kai ƙarata, kuma an bi musu haƙƙinsu da gaggawa.

Daktora ta yi dariya har ta riƙe tebur, sannan ta ɗaure fuska.

"Tashi, jallabiyarka ta jiƙe. Ni ban halicci ko gashi ɗaya ba. Abin da Allah ya riga ya ajiye na matsar daga nan zuwa can, don ɗalibaina su ga yadda yake aiki. Na 'yarka ma ba irin wannan ba ne. Nata ɗan ƙari ne a gefen ƙaramin yatsa, ana ganinsa da yawa, musamman a cikin baƙar fata. In ta yi ƙwari ka kai ta asibitin yara, aikin ba wuya. Abin da na kira ka ka gani shi ne lokacin. Dubi ƙanƙantar abin nan da ke cikin ƙwai. A mutum, ana gama raba yatsu tun cikin wata na biyu, jariri bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, uwar ma wataƙila ba ta tabbata tana da ciki ba. Abin da ta ci a wata na biyar ya zo ya tarar an tashi kasuwa. Ko rumfarka ta cinye da kwanduna, ba zai ƙara farce ɗaya ba."

Na roƙe ta aron kwalbar, ta hana. Amma ta mayar da liƙin ƙwan nan mai ƙofa ta ba ni, ta ce in riƙe shi da ɗumi, kada in girgiza, zai kai ni gida. Na cusa shi a hammata na matse. Haka na hayo hafila, hannu ɗaya a manne da jiki, ina yi wa duk wanda ya matso kusa tsawa. Wata tsohuwa ta tambaya ko ƙurji ne ya fito mini, na ce e, mai zuciya.

A gida na durƙusa gaban angareb na ɓare liƙin. Ɗigon yana nan yana bugawa, a hankali. Matata ta ɗago, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Subhanallahi." Na nuna mata ƙurajen da tsinken tsintsiya, na yi mata bayanin kalmasa da ladani da wata na biyu. Matar yayana tana bakin ƙofa ta toshe hanci da mayafi.

"Kaza daban, mutum daban. Ka fitar mana da ƙwan tsafi daga ɗakin jego."

Matata ta karɓi kofin madida ta kurɓa kaɗan, karo na farko. Na ji kamar in yi guɗa da kaina. Sai ta ajiye kofin ta dubi hannayen da ke naɗe.

"To Malam, in ba ni ba ce, daga ina?"

Nan Daktora ba ta ba ni amsar da na riƙe ba. Matata ta yarda a yi taro, amma ta ce ba za ta kwance tsumman ba, abincin ma sai an yi da gaske take taɓawa.

Ranar suna na rama shirun da na yi. A ƙarƙashin rumfar maza na ba da labarin ƙwai, kafin a gama shan shayi fiffiken ya kai yatsu goma sha biyu, yana riƙe da carbi. Da rana sai ga Gwaggo daga Jabal Awliya, yayar mahaifina, da ƙullin busasshen kifi a ka. Ita ta rage a cikin manyanmu, kuma ba ta iya raɗa ba ko a gidan makoki. Ta wuce ɗakin mata, ni kuma na bi ta na tsaya a bakin ƙofa, don in ga an samu sababbin masu sauraro.

"Gwaggo, sai a yi a hankali da hannayen," na ce. "Wani al'amari ne na ilmi mai zurfi. Babbar likita ta tambaye ni ko akwai irinsa a dangi, na ce mata tun daga kakanmu da ya taho da ƙafa har yau, ba a taɓa samun ko gashin gira na ƙari a zuriyarmu ba."

Gwaggo ba ta ko dube ni ba. Ta karɓi yarinyar, ta warware tsumman gaban mata cike da ɗaki. Matata ta runtse ido.

"Ayyururui!" Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Cindo! Ta ɗauko gida! Kai, wannan ba a yi mana musaya ba." Ta sumbaci 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya naɗe su kamar abin kunya? Babanmu da nasa aka binne shi, guda biyu, har zobe yake sa wa na dama."

Matata ta buɗe ido. "Gwaggo, ba ƙafar kaza ba ce?"

"Wace kaza, 'yar nan? Mu da muka tashi a gonar auduga, sai shekara ta zagayo ba mu ga kaza a tukunya ba. Kai, zo nan."

Na matsa. Ta fizgi hannuna ta juya shi, ta danna gefen ƙaramin yatsana da farcenta. Wani ɗan tudu ne a wurin kamar ƙwayar dawa. Ta fizgi ɗayan, ga wani. Na san da su mana, yadda mutum ya san da gwiwar hannunsa, amma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar abin da ya kawo su ba.

"Ni na ɗaure maka naka da gashin wutsiyar doki, ranar da ta kama kamar yau. Ka yi ihu har jakin maƙwabta ya tsinke igiya."

Na tsaya da hannaye biyu a buɗe kamar mai addu'a. Matata ta dubi hannuna, ta dubi na 'yarta, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fitowa da hawaye, tana riƙe ciki tana cewa wayyo. Da ta samu numfashi ta ce a miƙo mata kwanon naman nan, da romon, da kisra, wainar dawa. Matar yayana ce ta tashi ta kawo.

Na yi ƙoƙarin tattara abin da ya rage na girmana. Na ce, "Amma dai Gwaggo, bayanin ladanin nan da ke cikin ƙwai, ai sai mai zurfin lura irina ne zai..."

"Lura?" in ji Gwaggo, tana gyara wa yarinyar kwanciya a cinya. "Ɗan nan, shekara arba'in da ɗoriya kana wanke hannun nan sau biyar a rana ba ka taɓa dubansa ba. Kai dai bakin ne kawai ke aiki."